Yadda Kwamfuta Ta Shiga Zauren Malam a Limancin Kona

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano ranar Asabar ɗin da ta wuce, a motar wani abokina wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Shi injiniyan ruwa ne, kuma shi ke tuƙi. A baya akwai wata 'yar'uwarmu da ke aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, da wani abokinmu mai gyaran kwamfuta, ya rungume majigi a cinya kamar wanda aka ba renon jariri. Ni kuwa, kamar yadda masu bibiyata suka sani, malamin kwamfuta ne a sakandare. Bayan motar cike yake da kwamfutocin da muka aro a hannun 'yan'uwa da abokan arziki, da wani batir mai cajin rana.

Dalilin tafiyar shi ne kiran da wata Hajiya ta yi mini. Ita ce shugabar wata sakandaren al'umma a cikin birnin Zariya, kuma da ƙaninta muka yi karatu. Ta ce, "Malam, ana gab da rufe rajistar jarrabawar shiga jami'a, 'yan ajin ƙarshe kuma duk wanda ka tambaya me zai karanta sai ya ce likita. Don Allah ku zo ku nuna musu duniya ta fi haka faɗi."

Hanyar ba laifi. Wani wurin kwalta ce sumul har barci ya so ɗaukar mutum, wani wurin kuma a karkatar da ku hannu ɗaya ku jeru a bayan tirela. Daga Kura zuwa Kadawa gonakin rani sun yi kore shar, a Kwanar Gafan kuma tumatir ne kwando-kwando a bakin titi, da arha har mutum ya ji tausayin manomin. Murnar arha ta ƙare ne da muka tsaya gidan mai. A Kwanar Dangora muka karya da shayi da ƙosai mai zafi. Mai shayin ya leƙa motar ya ga majigi, sai ya tambaya ko mu 'yan fim ne, ya ce in ana neman wanda zai fito a attajiri ga shi nan. Muka ce za mu tuna da shi.

Da hantsi muka shiga Zariya, muka bi ta Tudun Wada muka shige Ƙofar Doka. Daga nan hanya ta fara tsukewa, har muka kai inda mota ta ce iyakarta ke nan. Muka samu mai baro ya ɗauki kayan, muka bi shi a ƙasa ta lungunan Limancin Kona. Wanda bai taɓa shiga unguwar nan ba ya yi ƙoƙari ya je. Kusan kowane zaure ka wuce za ka ji muryar karatu, dattijai da gemunsu zaune a kan buzu suna ɗaukar darasi a gaban wanda ya fi su. Gaisuwa kuwa ba a yi mata gaggawa, sai da na amsa lafiyar mutanen gidanmu da ni kaina na kwana biyu ban tambaya ba.

Mun tarar da ɗaliban sun cika babban ɗakin makarantar, maza a gefe, mata a gefe. Wasu 'ya'yan cikin gari ne, iyayensu malamai ko ma'aikata, wasu kuma daga ƙauyukan kewaye suke zaune a hannun dangi. Na ce mai son zama likita ya ɗaga hannu. Jama'a, sai na ga kamar an ce wa ke son shiga aljanna.

Matsalar farko da muka ci karo da ita sabis ne. Ginin makarantar tsohon gini ne mai kaurin bango, waya ba ta kama komai a ciki. Mai gyaran kwamfuta ya zagaya harabar yana ɗaga waya sama, har ya gano cewa sabis ɗin yana kan wata darbejiya. Ya naɗe ƙafar wando ya hau, ya ɗaure wayar a reshe da ɗankwalin da wata ɗaliba ta ara masa, don kwamfutocin su riƙa jan sabis daga gare ta. Da hoto ya fito a bango, ɗakin ya kaure da tafi.

Muka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwamfuta. Muka nuna musu yadda za su bincika kwasa-kwasan jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi, da darussan da kowane kwas yake buƙata, da irin aikin da ake yi da shi bayan an gama. Da farko suna taɓa madannan kamar za su ƙone su. Kafin azahar sai da muka riƙa raba gardama a kan wa zai riƙe linzamin kwamfutar. Wata yarinya da mahaifinta ke noman masara da barkono ta kalli bidiyon masu gwajin ƙasar noma, ta juyo ta ce wa 'yar'uwarmu, "Anti, ashe ƙasa ma ana kai ta asibiti?" Ba ta tashi daga gaban kwamfutar nan ba sai da ta gano inda ake koyar da abin.

Bayan salla muka shiga kiran bidiyo da mutanen da muka shirya da su tun daga gida: wata mai zanen gine-gine, da wani likitan dabbobi, sai wani malami da ke aikin gyara da adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu a wani ɗakin karatu. Shi na ƙarshen, lokacin da ya fara bayani zafi ya yi zafi, yara sun fara hamma. Sai wani dogon saurayi daga layin baya ya miƙe ya ce, "Malam, idan gara ta ci gefen takarda, tawadar kuma ta fara dusashewa, ana iya ceto ta?" Mutumin ya ce ana iyawa, ya ɗauko wata takarda da ya gyara ya nuna. Saurayin ya matso gaba, ya jera masa tambayoyi har aka tashi.

Da muka fito na ce wa Hajiya wannan ai ya samu hanyarsa. Ta girgiza kai. Ta ce sunansa Mujittaba, babu kamarsa a ajin a Larabci da Turanci, amma shi kaɗai ne ba zai yi rajista ba. Mahaifinsa, Malam Yahuza, yana da zauren karatu a unguwar. Babban ɗansa ya yi jami'a ya samu aiki a kudu, sai da salla ake ganinsa, don haka Malam ya ce wannan ba inda za shi. Hajiya ta ce ta je ta roƙa, an karɓe ta da mutunci, an sallame ta da addu'a, magana ba ta canja ba. Na kira yaron na tambaye shi ko za mu iya zuwa wajen mahaifinsa. Ya ce, "Baba ba ya son a yi masa wa'azin boko. Amma yana son baƙi."

A gidan ƙanin Hajiya da ke wajen Ƙofar Galadima muka sauka. Aka kawo tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa, man shanu yana yawo a sama. Direbanmu, wanda tun daga Kano yake ba mu labarin likita ya ce ya rage ci, shi ya nemi ƙari.

Da hantsin Lahadi muka yi sallama a zauren Malam. 'Yar'uwarmu ta shige cikin gida wajen mata, mu kuma muka tuɓe takalma muka zauna a tabarma. Malam dattijo ne siriri, da tabarau mai kauri. Bayan an gama gaisawa, bai jira mun buɗe baki ba.

"Na san abin da ya kawo ku," in ji shi. "Na ba boko ɗa guda, ban kuma yi da-na-sani ba, yana yi mana alheri. Amma zauren nan tun kakana ake karatu a cikinsa. In wannan ma ya tafi, wa zan bar wa littattafan? Gara?"

Duk bayanin da na shirya a hanya sai ya gudu ya bar ni, domin gaskiya ya faɗa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba gardama muka zo yi ba. In an yarda, littattafan muke so mu gani."

Malam ya ce wa Mujittaba ya ɗauko. Yaron ya fito da wata tsohuwar gafaka ya buɗe a hankali. Takardu ne warwara, sun yi ja don tsufa, gefensu duk cin gara, wasu an lilliƙe su da salatif. A gefen kowane shafi akwai wani ƙaramin rubutu siriri. Malam ya ce sharhin kakansa ne, amma ido ya daɗe da daina kai masa gare shi, ko da tabarau.

Mai gyaran kwamfuta ya nemi izini ya ɗauki hoton shafi guda da waya, ya tura a kwamfuta, ya buɗa shi har kowane harafi ya kai girman yatsa, ya ajiye a gaban Malam. Malam ya sunkuya. Leɓensa ya fara motsi, sai murya ta fito, ya shiga karantawa yana bin layin da yatsa a kan gilashin. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya cire tabarau ya goge ido da gefen rawani, ya ce, "Hannunsa ne. Haka yake karkata harafinsa."

Can na tambaya ko zai yarda ya gaisa da malamin nan na jiya, mai aikin irin waɗannan takardu. Ya ce a kira shi. Muka matsa da tabarma bakin ƙofa inda sabis yake, muka kira. Malam bai tambaye shi digiri ba. Cewa ya yi, "Wa ya karantar da kai?" Mutumin ya faɗi zauren da ya yi karatu a garinsu, da littattafan da ya sauke. Malam ya jefa masa wata tambaya ta nahawu, ya amsa, Malam ya gyara zama. Da aka nuna wa mutumin shafukan ta waya, ya roƙi a daina liƙa salatif, ya ce yana cin takarda fiye da gara. Malam ya yi dariya ya ce, "To! Ni da nake zaton magani nake yi."

"Wannan aikin naka a jami'a ake koyonsa?" Malam ya tambaya.

"Kula da takarda da ɗaukar hotonta da adana ta, a can ake koya, Allah ya gafarta Malam. Amma karanta hannun magabata sai a zaure irin naku. Abin da ke ba mu wuya shi ne samun mai duka biyun. Ɗan naku ya riga ya samu mai wuyar."

Aka yi sallama aka kashe waya. Malam ya juya ga ɗansa ya ce, "Kai me kake so?"

Mujittaba, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ina so in koyo yadda za a ceci littattafan nan, in dawo in zauna da su."

"Yayanka ma cewa ya yi zai dawo."

Na ce a raina shi ke nan. Amma yaron ya ɗago kai kaɗan ya ce, "Baba, abin da Yaya ya karanta babu aikinsa a nan. Ni nawa aikin ga shi a cikin gafakar nan."

Malam ya dubi gafakar, ya dubi ɗansa. Ya ce sharaɗinsa shi ne a nan kusa zai nemi gurbin karatu, daga gida zai riƙa zuwa, kuma ba zai fita ba sai ya ɗauki darasin asuba. Yaron ya ce ya yarda. Malam ya ce, "To, je ka yi rajistar. Allah ya sa albarka." Ya ɗaga hannu muka shafa fatiha. Ba mu gama shafawa ba sai ga guɗa ta tashi daga cikin gida. Ashe mahaifiyarsa da 'yar'uwarmu suna laɓe a bayan ƙofar tun farkon zancen.

Bayan azahar muka kamo hanya, da ƙullin dambu da aka cusa mana dole. A Tashar Yari muka sayi rake, muka yi ta sha muna maimaita labarin kamar ba tare muka gani ba. Mun shiga Kano kafin magariba, lafiya lau, ko faci ba mu yi ba.

Jiya Hajiya ta kira ni. Da kanta ta raka Mujittaba wurin rajista, ya zaɓi ilimin kula da ɗakin karatu. Masu son likitanci suna nan, amma yanzu sun san abin da ake buƙata, sauran kuma sun bazu: mai aikin gona, mai zanen gini, mai gwajin jini, mai koyarwa. Ta ce har wasu malaman unguwar sun aiko suna tambaya ko su ma za a duba musu nasu littattafan.

Na je Zariya ina ganin aikinmu da yara ne kawai, a buɗe musu kwamfuta su ga abin da ke bayan ganuwa. Na dawo na gane rabin aikin yana wajen iyaye, kuma ba da surutu ake yin sa ba. Da mun shiga zauren nan da lacca, da addu'a za a sallame mu kamar yadda aka sallami Hajiya. Uba irin Malam ba ƙin ɗansa da ci gaba yake yi ba, tsoro yake kada a bar shi da kango. Ranar da ya ga hanyar da za ta dawo masa da ɗansa gida, shi ya fara sa masa albarka.