Hannun Hagu na Mainasara

Kakan Mainasara da ƙafa ya taso daga Haɗeja zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya ce bari ya ɗan huta. Hutun nan ne ya kai jikoki. Shi Mainasara a unguwar Hilla Kuku aka haife shi, a nan ya koyi walda, ya shekara ashirin yana haɗa ƙofofi da gadajen ƙarfe. Mutum ne mai taurin kai, ga rowar magana. In ka tambaye shi yaushe ƙofarka za ta fito, sai ya ce "bukura", wato gobe, ya ci gaba da abin da yake yi.

Da yaƙi ya shigo unguwa, wani abu ya faɗo kan gidansu da hantsi, kankaren rufin ɗakin wansa Ilyasu ya rufto da Ilyasu a ciki. Maza shida suka taru, kankaren ko motsi. Harbi ya dawo, kowa ya nemi hanya. Mainasara ya goya mahaifiyarsu, Hajja Ruqayya, suka bi ayari zuwa Gadarif.

Shekara biyu tsohuwar nan ba ta da zance sai ɗaya: ɗanta yana kwance ba likkafani, ba salla. Da suka dawo, kankaren na nan yadda suka bar shi. Lungun kuwa ko kurar ruwa da ƙyar take shiga, balle motar ɗaga kaya. Ga Hajja kullum ƙara ramewa take, tana cewa ba za ta mutu ba sai ta ga kabarinsa.

Sai Mainasara ya ce zai ƙera hannun ƙarfe da zai ɗaga kankaren. Mutumin da bai taɓa kwance ko jak na mota ba! Ya tsallaka Omdurman ya kwaso silinda biyar da famfo daga wata katafila da ta ƙone, ya zauna da waya yana koyon yadda matsin mai ke tura ƙarfe. Gwajin farko tiyo ya fashe, ya yi wanka da baƙin mai har cikin kunne, maƙwabta suka sha dariya. Ya gano kuma in shi ya riƙe sandar sarrafawa, hannunsa rawa yake, kankaren zai iya zamewa ya niƙe abin da ya rage. Don haka ya samo tsohuwar kwamfuta, ya riƙa kwafar umarni harafi bayan harafi kamar mai kwafar laya, har ta iya matsar da kowane yatsa kaɗan-kaɗan, gwargwadon kaurin farce.

Wata biyar, hannu ya tsaya a tsakar gida, kowane yatsa ya kai tsawon mutum. Amma yana da wata ɗabi'a. In Mainasara ya bar shi a buɗe ya tafi sallar azahar, kafin ya dawo yatsun sun lanƙwaso a hankali, kamar sun kama wani abu. Ya san dalili sarai, roba ce ta ci a cikin silinda, mai yana zurarewa baya. Ya canza robar, abin ya ragu. Duk da haka in ya shigo ya gan shi a dunƙule, sai ya kasa cin abinci. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Ranar da za a yi aikin, maƙwabta suka taru, aka fito da Hajja a kan kujera. Ta daɗe tana duban hannun, ta ɗaga nata biyu tana gwadawa.

"Mainasara, wannan ai hagu ne."

Ya duba, ya ga haka ne. Ranar da ya fara aikin, tafinsa ya ɗora a kan farantin ƙarfe ya zagaye da alli. Dama ce ta riƙe allin, hagu ce ta kwanta. Wata biyar bai lura ba.

"Ko goro ba a miƙa wa mutum da hagu," in ji ta. "Yayanka za ka ɗauko da ita? La, wallahi a'a. Ka sake wani."

Sakewa wata biyu ne aƙalla, kuma duk wanda ya dubi Hajja ya san ba lallai ta kai ba. Mainasara ya durƙusa a gabanta, ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

"Yumma, uwata, ran nan bai mutu nan take ba. Akwai 'yar kafa a gefe, ya miƙo hannu. Da dama nake tono, da hagun nan na riƙe shi. Yana ta cewa kar in tafi. Da harbi ya matso, ni na zare hannuna. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya."

Hajja ta kamo hagunsa, ta juya tafin, ta dubi tabon walda da ke jiki. Hawaye na bin fuskarta.

"Ni ka zo ka goya," ta ce. "To tashi. Da wanda ka sake shi, da shi za ka ɗauko shi."

Ya tada janareta, ya yi bisimilla, ya danna. Yatsun suka shiga ƙarƙashin kankaren, famfo na gurnani, ƙasa na zuba. Sai da aka yi kusan awa kafin kankaren ya ɗagu kamu uku, maza suka cusa turaku.

Ilyasu na nan bakin kafar, hannunsa a miƙe waje. Mainasara ya kwanta rub da ciki, ya shiga, ya kama shi da hannu biyu.

"Yaya, ni ne," ya ce. "Na dawo."

Da la'asar aka yi masa salla.