Ɗigo Biyar na Kawu Isiyaku

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan Kawu Isiyaku da ke unguwar Magajiya ya san abin da zai tarar a bayan gida da zarar gari ya yi haske. Kawu ne durƙushe a bakin kwamin iyo, ya naɗe hannun jallabiya, ya zura hannu har gwiwa ya ɗebo ruwa a wata 'yar kwalba mai baki biyu. Ɗigo biyar na magani a wannan baki, ɗigo biyar a wancan, ya toshe, ya girgiza, ya ɗaga sama yana kanne ido ɗaya. In ka gaishe shi a lokacin, yatsa zai ɗaga maka.

"A auna tukuna."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, kuma har na fara aiki a Abuja daga gidansa nake bin mota kullum. Shekara talatin ya yi a ɗakin gwajin ruwa na gwamnati. Ya yi ritaya, amma aikin bai sake shi ba. Ko shayi aka miƙa masa sai ya ɗaga kofin ya duba. Kowa a gidan ya sha lacca: ɓangare ɗaya na kwalbar na nuna ƙarfin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, ɗayan kuma in ya yi rawaya ruwa ya yi tsami, in ya yi jawur ya yi kanwa-kanwa. Launin ruwan lemo ake so, tsaka-tsaki. Wallahi har a mafarki na sha jin wannan karatu.

Mutanen unguwa sun ɗauka ƙarya ce ta kama shi da tsufa. Kawu fa! Mutumin da ya aurar da 'ya'ya uku da takalmi ɗaya, shi ne da suwimin-ful irin na manyan Abuja? Abin da ba su sani ba, don Inna Rabi ya gina shi, matarsa. Shanyewar ɓarin jiki ta samu, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta. Likita ya ce in za ta riƙa taka ƙafa a cikin ruwa, ruwan zai ɗauke mata nauyin jiki har ƙafar ta sake koyon tafiya, in kuwa ta ci gaba da zama, ƙafar sandarewa za ta yi. Kawu ya sayar da gonarsa, ya sare gwaibar da yake ji da ita, ya sa aka haƙa kwami iya ƙirji, aka kafa ƙarfen riƙewa, aka ƙara wa katanga tsawo don kada idon kowa ya kai.

Inna ta leƙa ta taga sau ɗaya.

"Ni? Da jikokina in shiga ruwa ina facal-facal kamar agwagwa? Malam, ka rufa mini asiri."

"Ba iyo za ki yi ba, Hajiya. Tafiya ce."

"Tafiyar da ta gagare ni a tudu?"

Bai yi mata gardama ba. Washegari ya ɗauki kwalbarsa, haka jibi, haka gata, har shekara biyu. Wata safiya ya tsayar da ni in riƙe masa farar takarda a bayan kwalba don ya ga launi da kyau, ga shi na makara, raina ya ɓaci.

"Haba Kawu! Ruwan da ba mai shiga, wannan wahala ta mece ce?"

"Mairo, ranar da za ta ce to, ba notis za ta ba ni ba. In ruwan nan ya ci mata ido ko ya sa ta ƙaiƙayi sau ɗaya, shi ke nan, har abada. Na san matata."

Na ji kunya ƙwarai, na gyara riƙon takardar.

Babban abokin gābarsa ruwan sama ne, don yana kwaso ƙasa da ganye ya zuba a kwamin, ya kashe ƙarfin magani, kafin kwana biyu ruwa ya koma miyar kuka. Kun tuna ɗaurin auren ɗan amininsa a Tafa? Kawu ne wakilin ango. Liman na tsakiyar nasiha hadari ya haɗo ta gabas. Waɗanda ke kusa sun rantse sun ji ya matsa ya raɗa masa, "Malam, a taƙaita, akwai uzuri." Ana shafa fatiha ya haye acaba, babbar riga na tashi a iska. Ya iso jiƙe sharkaf, muka ja tamfol muka rufe kwamin yana haki. Inna ta ɗaga labule.

"Malam, an ɗaura kuwa?"

Ya matse ruwan babbar rigarsa. "Ina jin an ɗaura."

Amma ranar da na ce gidan nan yau zai tashi ita ce ranar ƙunshin Hadiza, autarsa. Ƙawayen amarya sun sha lalle hannu da ƙafa, lokacin wankewa ya yi, famfo ya ƙafe. Sai wata mai idon gani ta hango ruwa garau a bayan gida. Su goma sha suka jeru a bakin kwamin, suka zura ƙafafu suna ta shewa, har da mai sabulu. Kafin in ankara ruwan Kawu ya zama shayi. Na zage su tas, ina cikin yi sai ga shi ya dawo daga la'asar.

Ya tsaya. Ya dubi ruwan. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalba.

"Kawu, wannan ai ba sai an gwada ba!"

"A auna tukuna."

Ya ɗiga, ya girgiza, ya ɗaga. Kulorin ko alama babu. Ya juya ga 'yan matan da suka takure jikin bango.

"Lallen dai ya kama?"

"Ya kama, Baba."

"To alhamdu lillahi, ba a yi asara biyu ba."

Na ce a zubar da ruwan kawai a zuba sabo. Ya kalle ni kamar na yi saɓo. "A zubar? Mairo, ciwo ya yi, ba mutuwa ba. Jinya ake yi masa." Tagar Inna a buɗe take, na tabbata ta ji. Kwana huɗu yana wannan jinya. Ya barbaɗa alif, datti ya kwanta a ƙasa, ya zuƙe shi da tiyo, ya auna kulorin da tsohon gwangwanin tumatir ɗinsa da ba mai taɓawa, ya kunna janareto inji ya yi ta juya ruwan, sannan ya zauna jiran ƙarfin maganin ya sauko.

Rana ta huɗu yana kwashe ganye da doguwar raga, santsi ya ɗebe shi. Tsundum! Ga shi fa, Kawu bai iya iyo ba, ko rafi bai taɓa shiga ba.

"Innalillahi! Mairo! Na tafi!"

"Kawu, miƙe tsaye!"

"Na ce miki na tafi!"

"Ka miƙe mana! Kai ka auna zurfinsa!"

Ya miƙe. Ruwa iya ƙirji, hula na yawo a gefe. Ya dubi ƙasa, fuskarsa ta canza. "Subhanallahi, da takalmi na shiga!"

Sai muka ji wata ƙara daga taga. Inna ce ke dariya, har da hawaye, har tana dukan filo. Rabon da mu ji dariyarta tun kafin ciwon.

Da safe ta kira ni. "Ɗauko mini doguwar rigar nan mai kauri. In wancan tsohon ya shiga ya fito da ransa, ni ma zan iya." Na turo ta a kekenta na guragu har bakin ruwa. Kawu ya gan mu, ya taso. Na ɗaga ta, ta kama ƙarfe, ta miƙa ƙafa.

"Tsaya! A auna tukuna."

"Malam! Shekara biyu kana jira, yau kuma ni zan jira?"

Haka ta tsaya a jikina yana ɗiga magani, yana ƙirgawa a fili. Ruwan lemo ya fito. Ya ajiye kwalbar, ya tuɓe takalmi, wannan matsoracin ya shiga ruwa da ƙafarsa, ya miƙo mata hannu biyu.

"Bismillah, Hajiya."

Taku uku ta yi ranar, yana ja da baya tana binsa. Ni kam na juya baya na sha kukana. Kafin damina ta zagayo, Inna na zuwa kicin da sanda tana yi mana faɗan gishiri.

Bara, bayan ƙaramar salla, Kawu ya kwanta kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. Cikin zaman makoki ba wanda ya tuna da bayan gida. Ranar sadakar bakwai na leƙa, gansakuka ta rufe ruwan, kore shar. Yayyena, 'ya'yan Kawu, har sun fara cewa a cike ramin a gina ɗakin haya. Ni kuwa na san in ruwan nan ya tafi, ƙafar Inna za ta bi shi.

Muna cikin maganar muka ji ƙwas, ƙwas, sandarta. Ta wuce mu ta zauna a kujerar Kawu.

"Mairo, kwalbar."

"Inna, ni takarda kawai nake riƙewa, ban iya ba."

"Ni na iya. Me kike tsammani nake kallo ta taga shekara biyu? Zura hannu har gwiwa, ba na sama ake ɗiba ba. Ɗigo biyar. Biyar na ce, kada ki yi mini shida."

Mako guda muka yi muna jinyarsa, ni da ita da gwangwanin tumatir. Yanzu ni ce ke durƙusawa kowace safiya, motar Abuja ta wuce in ta ga dama, Inna kuma na yin takunta ashirin riƙe da ƙarfe. Jiya Hadiza ta gaishe ni ina tsakiyar ƙirga, sai kawai na ga yatsana a sama.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Yadda ka tsare wa Inna ruwa shekara biyu ba ka gaji ba, Allah ya sanyaya makwancinka, ya shayar da kai daga Alkausara. In an miƙo maka, Kawu, ka sha kawai, wannan ba sai an auna ba.