Fim ɗin harbe-harbe a Kirsimetin Malam

Wasu shekaru can baya, lokacin da furfura ta fara fito mini, na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Haɗeja. Malaminmu Kirista ne daga ƙasar Filato, mutum mai haƙuri, don ya sha fama da ni kafin hannuna ya saba da fensir. Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti sai ya faɗi a babur a hanyar Kirikasamma, ƙafa ta karye. Iyalinsa sun riga sun tafi gida, mai ɗori kuma ya hana shi doguwar tafiya. Da na je dubiya ya ce mini, "Na gaji da garin nan. In na warke canjin wurin aiki zan nema." In ya tafi kuwa ajin ya mutu, don babu wanda zai karɓe mu.

Na kai maganar wurin mutum biyu da muke aji ɗaya, abokina mai gidan kallo da wani tela dattijo da ya taɓa zama a Kano. Muka shirya mu je masa ranar bikin da kifi banda da talabijin. Abokina ya ce fim kuma a bar masa, yana da na Kirsimeti.

Da tela ya ga hoton bayan faifan, wani ƙato riƙe da bindiga, mota na ci da wuta a bayansa, sai ya yi salati.

"Wannan ne na Kirsimetin? Kai, ka ji tsoron Allah!"

"Baba tela, akwai bishiyar nan tasu mai ƙananan fitilu a ciki. Har ƙanƙara na zuba."

"Na zauna da su a Kano. Nasu waƙe-waƙe ne da yara da kyaututtuka, ba kashe-kashe ba."

"To fim ɗin Sallah fa? Ba wanda aka kalla ranar Sallah ba ne? Ka taɓa ganin rago a ciki?"

Haka suka yi ta yi a wurin mai shayi, a bakin masallaci, har ranar ta zo. Ni aka bar wa baro da janareta da talabijin. Ina turawa cikin rairayi, bayana kamar zai tsinke, su kuwa suna gaba hannu na tashi sama. Da taya ta kafe na kira su, sai kowa ya waiwayo yana cewa, "Yauwa, kai faɗi gaskiya, wa ya fi hujja?" Na ciro tayata ni kaɗai.

Mun sami Malam a kwance, ɗakin shiru, ko wuta ba a hura ba. Ko gaisuwa ba su gama ba suka ajiye masa shari'ar.

"Malam, bikinku ne. Raba mu."

Ya juya faifan, ya dube su, ya ce, "Ai ban sani ba. Ƙauyenmu ba lantarki. Ban taɓa kallon fim ranar Kirsimeti ba."

"To me kuke yi?" in ji tela, muryarsa ta yi sanyi.

"Mu je coci, mu dawo mu ci shinkafa. Sai baffannina su cika gidan da musu har kanka ya yi ciwo. Bana na ɗauka ba zan ji hayaniyar kowa ba." Ya gyara filo. "Ku kunna mu gani."

Na tayar da janareta, na jingina da bango. Harbin farko kawai na ji, barci ya ɗauke ni. Da na farka la'asar ta yi, kifi ya ƙare ba a rage mini ba, musun kuma ya zama na mutum uku. Malam ya tashi zaune yana nuna talabijin da sandarsa, yana cewa bishiyar nan sau ɗaya ta fito, ita ma harbe ta aka yi. Abokina na rantsuwa sau biyu ce.

Da za mu tafi Malam ya ce, "Ranar Litinin ku zo da littattafanku nan ɗakin. Ƙafa ce ta karye, ba baki ba." Maganar canjin wuri ba ta sake tasowa ba, sai da ya ga ajinmu ya kammala sannan ya koma gida.

Har yau duk ƙarshen shekara mutanen nan biyu sai sun tono zancen, kuma ni suke kira shaida. Nakan ce musu barci na yi. Gaskiya na gaji da musun, ko jin an fara shi na yi sai bayana ya amsa. Amma nakan zauna har su gama, don na ga ranar da wani bawan Allah yake kwance shi kaɗai, abin da ya rasa ke nan.