Tsinken da Kaka ke auna tsaga da shi

Jiya wata tifa ta juye tsakuwa kusa da ni a Zuba, sai na tsinci kaina a durƙushe. Ƙarar ta mayar da ni safiyar da muka rasa Kaka, mahaifin babana.

Duk bayan ruwan sama yakan hau tudun bayan gidanmu, ya gitta tsinken tsintsiya a kan wata tsaga, ya ga ko ta ƙara buɗewa. Ya sha faɗa wa mai haƙar jar ƙasa a wurin: "Oga, kun yashe gindin tudun nan. Ruwa na shiga tsagar, ƙasa na ƙara nauyi, babu abin da ya tokare ta."

"Baba, a wace jami'a ka karanto wannan?" in ji mutumin.

A waccan safiyar ina riƙe wa Kaka sanda, ya ɗora tsinken, sai tsinken ya faɗa cikin tsagar. Ƙasa na warin danshi, tana motsi ƙarƙashin silifas ɗina.

"Amaryata, yi gefe, kar ki bi gangara!" Ya ture ni, tudun ya zaftare. Gwiwarsa ba ta gudu ba ce.

Da la'asar, a asibiti a Gwagwalada, wata nas ta ce, "Kin tsira, 'yata." Ban tambayi labarin Kaka ba. Na ga jar ƙasa a faratan babana.

Allah Ya jiƙan Kaka. Shi kuwa oga, an ce ya koma wani tudun da tifofinsa. Ban yafe ba. Kada Allah Ya ɗauki ransa sai shi ma ya tono nasa da hannu.