Maɓallai Biyu a Sitiyarin Yaya Ni'imat

Usta Mamduh, wato ƙwararren makaniki, na unguwar Saijar a birnin Tanta bai taɓa ganin wayar wuta ya ƙyale ta ba. Yana ɗan shekara tara ya farke rediyon babansu, ya sha duka, washegari ya ɗaure ta, ta kama tashar Alƙahira fiye da da. Shekara talatin da biyar ke nan yana gyaran wutar motoci a wani ɗan shago da mota ɗaya ke cika shi, kofin shayi a kan batir, sukundireba a bayan kunne, baki kuwa ba hutu.

Mutum ɗaya ke iya sa shi yin shiru, yayarsa Ni'imat, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, wadda ta tuƙa kanta zuwa aiki shekara ashirin da bakwai. Bara ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta warware, magana ta dawo har da ƙari, amma yatsun hannun hagu suka ƙi. Likita ya ce za ta iya tuƙi, tunda motarta da kanta take canza giya, muddin za ta iya ba da sigina. Sandar siginar kuwa a hagu take.

Wata Juma'a suna cin shinkafa da miyar mulukiya, ta ajiye masa makullin motar kusa da kwano.

"Nemo mai saye."

"Wallahi, Yaya, ba za a sayar ba."

"To da hanci zan kunna siginar?"

Mamduh ya tsaya da cokali a hannu yana kallon yadda babban yatsanta na dama ke danne gefen kwanon. Sai ya miƙe zumbur, kujera ta kife.

"Da wannan! Maɓalli biyu a jikin sitiyari, ƙarƙashin yatsan nan, na sama dama, na ƙasa hagu!"

"Zauna ka gama abincinka."

Ina! Ya riga ya suri makullin.

Matsalar ita ce sitiyari juyawa yake yi, duk wayar da aka ja daga waje sai ta murɗe ta tsinke. Kwana biyu yana zagaya motar yana magana shi kaɗai. A na uku ya cire sitiyarin, ya buɗe naɗaɗɗiyar wayar da ke kai wuta ga hon, ya tarar da layi biyu a cikinta da ba a haɗa su da komai ba. Ihun da ya yi sai da Haji Sabri mai gahawa ya tsallako titi a guje.

"Wuta ce ta ja ka?"

"Hanya na samu, Haji! Tun daga kamfani suka bar mini ita, ba su sani ba!"

Ranar gwaji rabin layin suka taru. Ni'imat ta shiga, ta gyara mayafi, ta danna na sama. Sai hon ya ɗauka, "Fiiim!" Tantabaru suka watse daga rufin shagon.

"Usta," in ji Haji Sabri yana riƙe da ciki, "wannan ai har mutanen garin Mahalla sun san za ta yi dama!"

Mamduh ya kutsa kai ƙarƙashin sitiyarin shi ma yana dariya. Ashe waya biyu ya musanya wajen haɗawa. Ya gyara, ta sake dannawa, fitilar ta kama ƙiftawa. Tana ɗaga yatsa fitilar ta mutu.

"Wato haka zan danne shi har in gama shataletale? Da wane hannun zan juya?"

"Ba ni lokaci zuwa la'asar, Yaya."

Ya ƙara wata 'yar na'ura mai riƙe wuta, a danna sau ɗaya ta yi ta ƙiftawa, a sake dannawa ta ɗauke. Da la'asar ɗin Ni'imat ta danna ta saki. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ta sa giya, motar ta fita daga shagon a hankali, Mamduh na biye da ita da gudu, silifa ɗaya a ƙafa.

"Tana yi! Jama'a ku gani! Yi hagu, Yaya, hagu!"

Ta yi hagu, fitilar hagu ta amsa. A bakin kwana ta tsaya, ta leƙo.

"Shigo mana, kada ka faɗi a titi da furfurarka."

Sau uku suka zagaya dandalin tashar jirgi. Sai share ido yake yi da bayan hannu, ya shafe fuskarsa da baƙin mai.

Labari ya bazu. Wani kafinta da inji ya cinye wa yatsu ya zo daga Dumyat, sai wani tsohon soja daga Kafar Zayyat. Mota goma sha ɗaya ya yi wa aikin zuwa yanzu, kuma ba ya miƙa makulli sai ya kira yayarsa ta zo ta danna da kanta. Sau biyu ta sa shi ya kwance ya sake, don maɓallin ya yi tauri.