Irin Waken Baba a Jarka

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a wata makaranta wajen Gezawa, bakina ba ya hutawa. Ko akuya ce ta tsaya kusa da ni sai ta sha darasi. Inna kuwa, da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai ta koma ce min Malam, da wata irin murya da ni kaɗai na san tsokana ce.

Tana da irin wake tiya biyu, ƙanana masu jan ido, wanda Baba ya yi ta tsincewa kaka bayan kaka har ya rasu. Duk girman kasuwar Dawanau ba a samunsa. Kowace shekara takan cuɗa shi da toka da barkono ta zuba a tulu. Ƙwaro ya ci rabonsa, sauran ya kai damina.

Ni na ce wannan aikin mutanen da ne. Na kawo jarka, na wanke, na shanya, na ɗura waken, na murɗa murfin har tafina ya yi ja. Da na tsaya a nan da an zauna lafiya. Ina! Sai na gyara zama a kan turmi na fara bayani. Na ce ganye hasken rana yake kamawa ya haɗa abinci, ya kai ajiya cikin ƙwayar wake, kamar yadda muke cika rumbu. Na ce jikin duk mai rai ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowacce tana ƙona abinci da iska kaɗan-kaɗan ta samu ƙarfi. Ƙwaron cikin jarka zai shanye iskar, wutarsa ta mutu, shi ma ya bi ta.

Inna ta ajiye faifan hannunta ta tambaye ni ko waken ma yana da rai. Daɗi ya kama ni, ga ɗaliba ta yi tambaya. Na ce ƙwarai, har numfashi yake yi. Abin da ban ƙara ba shi ne busasshen wake barci yake, iskar da yake bukata ba ta taka kara ta karya ba. Na hau babur na tafi ina jin kaina.

Wata huɗu duk zuwana gida sai na leƙa jarkar a bayan ƙofa, in ga murfi a rufe, in yaba wa kaina. Ran da aka yi ruwan shuka na kira maƙwabcinmu, wani dattijo mai gardama, ya zo ya ga ilimi. Na buɗe na zazzage a tabarma. Ƙwari suka watse, ɓul-ɓul da su kamar ragunan layya, waken duk ƙofofi. Dattijon ya tuntsire da dariya ya ce lallai boko ya iya kiwo.

Raina ya ɓaci, na shiga zargin jarkar, na zargi murfin, har mai sayar da ita na haɗa. Inna tana gefe tana kallon ƙasa. Can ta ce kullum da hantsi takan buɗe wa waken ya sha iska, har ta ɗan girgiza shi, sannan ta mayar da murfin yadda na bari don kada in ji haushi. Na riƙe kai. Wata huɗu tana yi wa ƙwaro fifita.

"Inna, don Allah me ya kai ki?"

"Kai ka ce yana numfashi, Malam. Mai waken nan da ƙyar yake jan iska sa'ad da zai tafi, ina zaune ina kallo. Shi ne zan toshe wa nasa?"

Dattijon ya daina dariya, ya sa takalminsa ya fita. Ni kuma kunya ta rufe ni, don darasin nawa ne, ni na ba da rabi na riƙe rabi.

Muka zauna a tabarmar har azahar muna tsince masu sauran ajiya a ciki. Abin da muka samu bai cika kofin shayi ba. Kunya biyu muka shuka a bayan gida, ranar ta biyar suka fasa ƙasa.

Da kaka ta zo Inna ta miƙo min tulu ta ce in tankaɗe toka. Na tankaɗe, har da daka mata barkono.