Hannun Hagun Irimiya Mai Fito

Aikin fito gado ne a wurin Irimiya. Gidansa na Ketaren Gwari, amma daga saukar damina zuwa ɗaukewarta a bakin wani rafi da ke bayan Minna yake wuni, inda matan ƙauye ke tsallakowa da doya da itace da nono zuwa kasuwa. Ba shi da kwalekwale. Ƙatuwar ƙwarya ce da shi. A zuba kaya a ciki, mai kayan ta rungume bakinta ta gefe ɗaya, shi kuma ya riƙe ɗaya gefen da hagu, ya yi iyo da dama har su kai gaci. Haka mahaifinsa ya koya masa, haka ya yi shekara ashirin da wani abu.

A daminar 1967 kafaɗar dama ta fara ciwo. Da farko tsami ne da safe, wanda ke sakinsa in ya shiga ruwa. Daga baya sa riga ma sai ya cije leɓe. Wanzami ya yi masa ƙaho. Malamin asibiti ya ba shi man zafi, ya ce ya huta wata biyu. Irimiya ya karɓi man, ya bar masa shawarar, domin a ƙasa da mashiginsa kaɗan wani Banufe mai suna Tsado ya kawo kwalekwale. Matan ba su koma can ba tukuna saboda zagaye ne, kuma sun saba da Irimiya. In suka ji hannunsa ya lalace, shi ke nan.

Matarsa Rifkatu ce kaɗai ta sani. Kullum da yamma takan gasa masa wurin da ruwan zafi, ta murza da man kaɗanya.

"Baban Liyatu," in ji ta wata rana, "mu matan Gwari a kafaɗa muke ɗaukar kaya tun muna yara. In wannan ta gaji, waccan muke ba. Kai ɗaya Allah ya ba ka?"

"Ruwa ba hanyar kasuwa ba ce. Hagu riƙo, dama iyo. Murza kawai."

"To, ana murzawa."

A watan Agusta na shekara ta gaba, ran da rafin ya cika ya yi ja, ya ɗauki Gwaggo Maimuna, wata dattijuwar Bafulatana mai tallan nono. A tsakiyar ruwa hannun ya mutu, ya ƙi ɗaguwa. Dole ya sauya, ya kama ƙwaryar da dama, ya shiga dukan ruwa da hagun da bai taɓa koya wa komai ba. Ƙwaryar ta yi ta juyi da su, nonon ya kife, suka fita can ƙasa, daidai inda Tsado ke ɗaure jirginsa.

"Sannu da zuwa, maƙwabci," in ji Tsado. "Har gida kake kawo mini fasinja yanzu?"

Gwaggo Maimuna ta matse zanenta, ta dubi Irimiya. "Ɗan nan, ba nonon ne ya dame ni ba. Ka san hannunka ba lafiya, ka ɗauke ni?"

Ya ɗauki ƙwaryarsa ya tafi. Kafin mako ya zagayo mashiginsa ya zama wayam.

Da rani ya shigo, ruwa ya ragu sai gurbi-gurbi, aka riƙa ganinsa a wani gurbi mai zurfi da ƙwaryarsa cike da duwatsu, yana kai da kawowa da hagu. Ya sha ruwa ba kaɗan ba. Masu wanki suka yi dariya har suka gaji suka daina kallo. Dama ta samu hutun da malamin asibiti ya faɗa, ta yi sauƙi, ko da yake ba ta koma yadda take ba. Hagu ta fara nata tsamin, Rifkatu ta riƙa murza biyu.

Ran da rafin ya fara cika a 1969, ya isa mashigi da sassafe, ya tsallaka gefen ƙauye. Mata suka zo, suka gaishe shi daga nesa, suka nufi hanyar Tsado. Sai ga Rifkatu, wadda ta biyo shi ta jirgin Tsado ba tare da ya ce ta zo ba. Ba ta iya iyo ba, kuma duk matan sun san haka. Ta ɗaure zanenta tamau, ta shiga ruwa har ƙugu, ta rungume ƙwaryar.

"In za ka kashe wata, fara da ta gida," ta ce da ƙarfi, don su ji.

Ya kai ta yana iyo da hagu, ya dawo da ita yana iyo da dama. Ta fito tana rawar sanyi, ba ta dubi kowa ba.

Wata mai doya, Magdalina, ta sauke kayanta ta ce ita dai zagayen ne ba ta so. Biyu suka bi bayanta. Sauran suka wuce wurin Tsado, kuma yawancinsu can suka zauna. Waɗanda suka dawo ba su kai rabin na da ba, amma sun isa. Da su Irimiya ya yi aiki damina huɗu, yana ba kowace kafaɗa tsallakawa ɗaya, bi da bi.